Yadda Za Ka Zaɓi SSD Don Sabuwar Kwamfutar Wasanni

Kafin ka tambayi farashin kowace SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri ta kwamfuta, ka buɗe littafin da ya zo da babban allon kwamfutarka, ka duba yawan gurabun M.2 (inda ake zura siririyar SSD) da yake da su da kuma zangon PCIe (hanyar da bayanai suke bi) da kowane gurbi yake aiki da shi. Yawanci gurbin da ya fi kusa da furosesa shi ne mafi sauri, domin kai tsaye yake haɗe da ita. A wasu allunan kuwa, sanya ma'ajiya a gurbi na biyu yakan kashe ɗaya ko biyu daga cikin kafofin SATA, inda ake jona faifan ajiya da waya, kuma mutum ba ya ankara sai ya nemi tsohon faifansa ya rasa.

SSD iri biyu za ka tarar a kasuwa. Ta SATA, wadda ake kira mai inci 2.5, ba ta wuce kimanin megabait 550 a daƙiƙa, don haka a sabuwar kwamfuta matsayinta na ma'ajiya ta biyu ne. Wadda ya kamata ka ɗora Windows da wasanni a kanta ita ce NVMe, ɗan siririn allo da ake kira 2280, wato milimita 22 a faɗi da 80 a tsawo. Sai dai akwai SSD mai siffar M.2 wadda cikinta SATA ce, saboda haka ka tabbata an rubuta NVMe a jikin kwalin.

Alƙaluman saurin da ake bugawa da manyan haruffa su ne suka fi ruɗar mai saye. PCIe 3.0 tana kaiwa wajen megabait 3,500 a daƙiƙa, 4.0 tana haura 7,000, ita kuwa 5.0 tana iya taɓa 14,000. Amma wannan ma'aunin karanta ƙaton fayil ne a jere, alhali wasa ƙananan fayiloli masu yawa yake tsinta nan da can, shi ya sa da wuya ka lura da bambancin lokacin buɗe wasa tsakanin 4.0 da 5.0. Fasahar DirectStorage da Microsoft ya kawo wa Windows a 2022 don hanzarta buɗe wasa tana iya sauya wannan nan gaba, amma wasannin da suka rungume ta kaɗan ne. A ganina, kuɗin da za ka ƙara don 5.0 gara ka mayar da shi ga girman ma'ajiya ko katin hoto.

Girma shi ne inda ya kamata ka tsaya ka yi lissafi. SSD mai terabait 1, idan ka sanya ta, gigabait 931 Windows zai nuna maka, kuma shi kansa da sauran manhajoji za su ci rabonsu. Red Dead Redemption 2 yana neman gigabait 150, haka ma Baldur's Gate 3, shi kuwa Starfield na 2023 gigabait 125 yake so, kuma dole a kan SSD. Wasanni huɗu ko biyar irin waɗannan sun cinye wurin, ga shi SSD takan rage saurin rubutu idan ta cika maƙil, don haka ana son a bar mata aƙalla kashi goma cikin ɗari babu kowa. Wanda yake sayen data da kuɗinsa ya san zafin goge wasa mai gigabait 150 sannan ya dawo sauke shi bayan wata biyu. Saboda haka terabait 1 ita ce mafi ƙaranci, idan da hali kuwa a sayi terabait 2. Mai gigabait 500 arha ce da za ta zama tsada.

Daga nan sai ka duba irin ƙwayoyin ajiyar. TLC tana riƙe bit uku a kowace ƙwaya, QLC huɗu. Ta biyun ta fi sauƙin kuɗi, amma saurinta yakan faɗi sosai idan ana kwafe manyan fayiloli, kuma ba ta kai ta farko juriya ba. Ana auna juriyar da TBW, wato yawan terabait da garanti ya amince a rubuta. Samsung 990 Pro da WD Black SN850X, 'yan TLC masu terabait 1, suna da 600 tare da garantin shekara biyar, yayin da Crucial P3 Plus, 'yar QLC mai terabait 1 ita ma, take da 220. Ko da gigabait 100 kake rubutawa kullum, sai ka shafe fiye da shekara 16 kafin ka kai 600, ka ga ba abin tayar da hankali ba ne ga mai wasa. Rashin DRAM, wato ƙaramar RAM da wasu SSD suke zuwa da ita a jikinsu, ma bai cika damuwa ba a NVMe, domin irin su WD Black SN770 suna aron kaɗan daga RAM ɗin kwamfuta su yi aikinsu lafiya.

Zafi kuwa abin lura ne, musamman a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska lokacin bazara. Yawancin SSD an ƙayyade musu aiki har zuwa digiri 70, idan suka zarce sai su rage gudu da kansu. Idan allonka yana da ƙarfen sanyaya a kan gurbin, ka sayi SSD marar nata. Wajen sanyawa ka zura ta a ɗan karkace, ka kwantar da ita a hankali, ka ɗaure ɗan notin, sannan ka ɓare ledar da ke manne a jikin robar ƙarfen kafin ka rufe, domin mantawa da wannan leda ya zama ruwan dare.

Jabu suna da yawa, kuma kwalinsu yakan yi kama da na gaske. Da zarar ka kunna kwamfutar, ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka duba awoyin da SSD ɗin ta yi aiki, domin sabuwa bai kamata ta nuna ɗaruruwan awoyi ba. Idan ta Samsung ce, manhajar Samsung Magician za ta gaya maka ko ta asali ce, H2testw kuma za ta cika ta da bayanai ta tabbatar da ainihin girmanta. Ka yi wannan gwaji kafin ka fara sauke wasanni, tun rasit yana hannunka kuma mai shago bai manta fuskarka ba.