Kurakuran da aka fi yi wajen sabunta Linux da yadda ake gyara su

Wanda ya saba da kwamfutar da kan tsayar da shi a tsakiyar aiki da sunan sabuntawa yakan yi mamakin yadda masu Linux ke ɗokin abin kamar masu jiran ranar kasuwa. A Ubuntu, Debian, Fedora, Linux Mint ko Arch, kusan duk abin da ke kan na'urar, tun daga zuciyar tsarin da ake kira kanel har zuwa LibreOffice da VLC, daga rumbu ɗaya na manhajoji da ke intanet yake fitowa, kuma umarni ɗaya ke sabunta shi. Kafin a taɓa komai sai an jero maka sunan kowane ƙunshi, wato manhaja ko ɓangarenta da aka ɗaure wuri ɗaya don girkawa, da nauyin abin da za a sauke, da abin da za a cire, sannan a dakata a jira amincewarka. Kai ke zaɓen lokaci, ba kuɗin lasisi, kuma sau da yawa tsohuwar laftof da wayifai ɗinta ya ƙi aiki takan farfaɗo idan sabon kanel ya zo da direbansa. Daɗin ke nan. Sai dai wannan jeren da ake nuna wa mutum, wanda shi ne gatan da aka yi masa, shi ne abin da yawanci ba a karantawa, kuma a nan mafi yawan ɓarna ke samo tushe.

An ce an sabunta, alhali ba a sabunta komai ba

A Debian da 'ya'yanta, wato Ubuntu da Mint, shirin apt ne ke girkawa da sabunta ƙunshi, kuma `sudo apt update` jerin kayan da ke rumbu kawai yake ɗaukowa, ba ya girka ko ƙunshi ɗaya. Mai girkawa shi ne `sudo apt upgrade`. Akwai masu buga na farko kullum suna zaton sun gama, akwai kuma masu buga na biyu kaɗai, su ga an ce musu babu sabon abu saboda jerin da ke hannunsu na watan jiya ne. A bi su a jere, na farko sannan na biyu. A Fedora `sudo dnf upgrade` ya haɗa duka biyun.

Danna Y ido rufe

Layi uku ne suka cancanci ido kafin a amince: na abin da za a sabunta, na sabon abin da za a girka, da na abin da za a cire, wanda apt ke rubutawa da manyan baƙaƙe REMOVED ko REMOVING gwargwadon sigarsa. Na ukun ne mai haɗari. `apt upgrade` ba ya cire ƙunshi, shi ya sa ya fi dacewa da aikin yau da kullum. `apt full-upgrade` kuwa yana da izinin cire duk abin da ya tare masa hanya, haka ma `apt install` idan ƙunshin da ka nema ya ci karo da wani. In ka ga sunaye irin `ubuntu-desktop`, `gnome-shell`, `gdm3`, `cinnamon`, `xorg` ko `network-manager` a cikin waɗanda za a cire, ka danna n. In ka amince, kwamfutar za ta tashi a baƙin allo ba tebur ba linzami, wani lokaci ba intanet ɗin da za ka gyara da shi.

Tsoffin sigogin apt sukan nemi mutum ya rubuta jimlar "Yes, do as I say!" da hannunsa kafin su cire ƙunshin da tsarin ba ya rayuwa sai da shi, kuma mutane sun riƙa rubutawa ba tare da sun ɗaga kai sun ga me ake gargaɗinsu a kai ba. Sababbin sigogin ƙi kawai suke yi. In aikin gama ya gama, danna Ctrl da Alt da F3 ka shiga da sunanka, ka buɗe `/var/log/apt/history.log`. Duk abin da aka cire yana nan a rubuce da rana da lokaci, sai ka mayar da su da `apt install`.

Haka `apt autoremove` yake buƙatar karatu. Ƙunshi biyar ko goma na tsohon kanel ba komai ba ne. Ƙunshi ɗari biyu alama ce cewa an cire wani babban ƙunshi da ya riƙe su, kuma teburinka na cikinsu.

Kishiyar wannan kuskure ita ce tsorata da abin da ba matsala ba. Ubuntu kan saki wasu sabuntawar kashi-kashi, ta fara da kwamfutoci kaɗan, in ba a ga aibu ba ta faɗaɗa. Idan apt ya ce ya jinkirta wasu ƙunshi saboda wannan, ba abin da ya lalace. A bar su, cikin 'yan kwanaki za su sauka da kansu.

Katsewa a tsakiyar aiki

Sabuntawa hawa biyu ce, kuma ba haɗarinsu ɗaya ba. Hawa na farko saukewa ne: in data ta ƙare ko wuta ta ɗauke, apt yana ajiye abin da ya samu a `/var/cache/apt/archives`, ka sake buga umarnin ya ci gaba. Hawa na biyu shi ne kwance ƙunshi da rubuta fayiloli a kan diski, kuma katsewa a nan ita ke barin tsarin rabi sabo rabi tsoho. Ga wanda wuta ba ta da tabbas a unguwarsu, dabarar ita ce raba hawan biyu: `sudo apt upgrade --download-only` ya sauke komai lokacin da ake da intanet mai arha, sannan a girka lokacin da batir ya cika ko inbata ke kunne. Girkawar yau da kullum 'yan mintuna ce. Kwamfutar tebur da ba ta da batirin ko-ta-kwana kada a fara mata hawa na biyu ana shirin sauyawa zuwa janareta.

In ta riga ta katse, gyaran kusan kullum iri ɗaya ne: `sudo dpkg --configure -a` ya ƙarasa abin da aka bari, sai `sudo apt --fix-broken install`, sannan a maimaita sabuntawar. In ma ba ta kai ga tebur ba, a jerin GRUB, wato zaɓuɓɓukan da ke fitowa lokacin tashin kwamfuta, akwai yanayin ceto a ƙarƙashin Advanced options, kuma a cikinsa akwai zaɓin dpkg da ke yin wannan aikin.

Wata katsewar kuma mutum ne ke jawo wa kansa. Ya buga apt, a ce masa an kasa samun makullin `/var/lib/dpkg/lock-frontend`, sai ya bi shawarar goge fayil ɗin. Makullin nan yana nufin wani shiri na aiki a kan ƙunshi a daidai lokacin, galibi `unattended-upgrades` mai girka gyaran tsaro jim kaɗan bayan an kunna Ubuntu. Goge shi tamkar sakin direba biyu ne a kan sitiyari ɗaya. Saƙon yakan faɗi lambar shirin da ke riƙe da makullin. Duba shi da `ps -p` da lambar, ka ba shi minti goma. Mai sabunta saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi ko hidima a intanet, daga nesa ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta ta layi, kuma ya fara buɗe `tmux` ko `screen`, domin in layin ya yanke aikin ya ci gaba a can.

Agogo

Idan apt ya ce fayil ɗin Release "is not valid yet", rumbun lafiyarsa lau, agogon kwamfutarka ne ya koma baya. Wannan ya zama ruwan dare a tsofaffin kwamfutocin da ƙaramin batirin cikinsu, irin CR2032, ya mutu. `sudo timedatectl set-ntp true` zai daidaita lokaci daga intanet, amma sai an sauya batirin za ta daina mantuwa.

Cakuɗa rumbu

Kowace siga ta Debian ko Ubuntu an gina ƙunshinta ne su dace da juna. Mai son sabuwar sigar wata manhaja yakan ƙara rumbun wani mutum, abin da Ubuntu ke kira PPA, ko ya zuba layin rumbun gwaji na Debian a kan tsayayyiyar siga. Ranar farko komai lafiya. Bayan wata biyu rumbun ya jawo sabon laburare, wato ƙunshin da manhajoji da yawa ke dogaro da shi, wanda sauran tsarin bai san shi ba, apt ya shiga kukan ƙunshin da suka ƙi jituwa. Garin neman gira an rasa ido. Goge layin rumbun kaɗai ba ya warkarwa, domin ƙunshin da ya kawo suna nan zaune. A Ubuntu `ppa-purge` ne ke cire rumbun ya kuma mayar da ƙunshin sigar asali. A Debian hanyar da aka tanada ita ce rumbun backports, ko kuma a ɗauko manhajar ta Flatpak, wata hanyar girka manhaja daban da apt, wadda ke zuwa da kayanta ba ta taɓa na tsarin.

Masu Debian su duba `sources.list` ɗinsu. In kalmar `stable` ce a ciki maimakon sunan siga irin `bookworm`, ranar da sabuwa ta fito, kamar yadda Debian 13 ta fito a Agustan 2025, sabuntawar yau da kullum za ta rikiɗe ta zama ƙaura zuwa sabuwar siga ba shiri.

Jinkirin tsayayyun sigogi ma yana da ranarsa. A Maris 2024 injiniya Andres Freund ya gano ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, da aka dasa a manhajar matse fayiloli ta xz siga 5.6.0 da 5.6.1. Ta shiga rumbunan gwaji na Debian da Fedora, amma ba ta kai ga tsayayyiyar Debian ko Ubuntu mai dogon tallafi ba.

Arch nata salon daban ne, domin ba ta da siga, kullum gangarawa take yi. Babban laifi a can shi ne `pacman -Sy` da sunan ƙunshi: an sabunta jeri, an girka abu ɗaya da sabon laburarensa, an bar sauran suna neman tsohon da ya tafi. Ko dai `pacman -Syu` gaba ɗaya, ko a bari. A leƙa labaran shafin Arch kafin a fara, nan ake sanar da sabuntawar da ke buƙatar mutum ya yi wani gyara da hannunsa. Kwamfutar da ta yi watanni a rufe kuma takan yi ƙorafin sa hannun ƙunshi, sai a fara da `archlinux-keyring` sannan nan take a sabunta sauran.

Kanel

Gaskiya ne Linux ba ta tilasta maka sake kunnawa, amma sabon kanel ba ya fara aiki sai an sake kunnawar. `uname -r` zai nuna wanda ke gudana, a Ubuntu kuma fayil ɗin `/var/run/reboot-required` kan bayyana in ana bukata. A Arch abin ya fi fitowa fili: ana share direbobin tsohon kanel tun yana kan aiki, sai ka soka filasha ta ƙi fitowa har sai ka sake kunnawa.

Kada a share tsohon kanel duka. Fedora uku take ajiyewa, Ubuntu ma takan bar na baya. In sabon ya zo da baƙin allo ko ya kashe wayifai, riƙe Shift ko ka danna Esc lokacin tashi, ka zaɓi na baya a GRUB, ka ci gaba da aikinka har gyara ya fito. In kuma `/boot`, wurin da ake ajiye kanel, ya cika, abin da `df -h /boot` zai nuna, `sudo apt autoremove --purge` ne magani, ba goge fayiloli da hannu ba.

Baƙin allon nan sau da yawa direban NVIDIA ne da aka sauke daga shafin kamfanin aka girka da hannu, wanda aka gina shi don tsohon kanel. A girka na rumbu, ta `ubuntu-drivers` ko manajan direbobi na Mint, domin shi yana tafiya tare da kanel. A Fedora mai `akmod-nvidia` a ba shi 'yan mintuna ya gama ginuwa kafin a sake kunnawa.

Tambayar fayil ɗin saiti

Wani lokaci dpkg, shirin da ke yi wa apt aikin girkawa, kan tsaya ya ce ka taɓa gyara wani fayil a `/etc`, ga kuma sabo ya zo. Danna D ka ga bambancin. N na riƙe naka ya ajiye sabon da ƙarin `.dpkg-dist`, Y na ɗora sabon ya ajiye naka da `.dpkg-old`. Mai kula da saba da ya danna Y a kan fayil ɗin saitin shafinsa, irin `nginx.conf`, zai iya tarar da shafinsa ya sauka. Arch `.pacnew` take bari, Fedora `.rpmnew`, kuma ba wanda zai haɗa maka su.

Sigar da wa'adinta ya ƙare

Lambar Ubuntu kwanan wata ce: 24.04 na nufin Afrilun 2024. Masu dogon tallafi, LTS, suna fitowa a Afrilu duk shekara biyu da tallafin shekara 5, na tsakani kuwa wata 9 kacal. Fedora kimanin wata 13 ce. Wanda ya girka ta tsakani ya manta zai wayi gari apt na ba shi kuskuren 404, domin an kwashe rumbun zuwa `old-releases.ubuntu.com`. Ga kwamfutar ofis, makaranta ko shagon buga takardu, LTS ce daidai.

Ƙaura zuwa sabuwar siga da `do-release-upgrade` ake yi, daga LTS zuwa mai bi mata ba tsallake, 20.04 zuwa 22.04 sannan 24.04. Ubuntu ba ta miƙa tayin sai gyararriyar siga ta farko, irin 24.04.1, ta fito, kuma tilasta shi kafin nan neman wahala ne. Ba a fafe gora ranar tafiya: a ɗauki hoton tsarin, wato kwafin da za a iya komawa gare shi, da manhajar Timeshift tukuna, a kuma tuna cewa a saitinsa na asali ba ya kwafe takardu da hotunan da ke foldar gida. Waɗannan sai an kwafe su daban a diski na waje.

Snap da Flatpak

Waɗannan hanyoyi ne na girka manhaja daban da apt, kuma apt bai san da zamansu ba. Tun daga Ubuntu 21.10 Firefox ta Snap yake zuwa, Snap kuma da kansa yake duba sabuntawa sau huɗu a rana, abin da kan cinye datar wanda ya jona kwamfuta da wayarsa. A saitin sadarwa ka nuna cewa layin na awo ne, sannan ka buga `sudo snap set system refresh.metered=hold`. In ka samu wayifai sai `sudo snap refresh` da `flatpak update`, ka kuma rufe Firefox kafin ka fara, domin Snap ba ya sabunta manhajar da ke buɗe.