Kurakuran da masu dawaki suka fi yi wajen harawa da ciyawa

Yawancin masu dawaki a Yamai, daga na filin sukuwa har mai ingarma ɗaya ɗaure a ƙofar gida, sun fi kashe kuɗi a kan gero su yi wa ciyawa rowa. Nan ne tushen matsalar. Tumbin doki ƙarami ne, ba ya wuce lita 8 zuwa 15. Babban aikin narkewa can baya yake, a cikin babban hanji, inda ƙananan halittu ke ruɓar da zaren ciyawa su mai da shi ƙarfi. In zaren mai laushi ne, doki ya samu ƙarfi da ƙiba ba tare da an cika shi da hatsi ba. In ya tsufa ya zama itace, sai ya cika ciki kawai ya fita yadda ya shiga.

Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bayarwa ita ce busasshiyar ciyawa ta kai aƙalla kashi 1.5 cikin ɗari na nauyin doki kowace rana. Dokin da ya kai kilo 350 ke nan yana son kilo 5 ko fiye na harawa da ciyawa, kafin a zo maganar gero. Ka ɗaura ƙunshin da kake ba shi a sikeli sau ɗaya, ka ga ko ya kai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka duk abin da ya bushe ciyawa ne. Karan gero da na dawa da aka bari a gona rana ta gama dafa su, doki zai tauna don bai da abin yi, amma kaɗan yake samu. Ga dokin da ke kan kara kullum: ciki ya yi tulu, haƙarƙari a fili. Harawar wake da ta gyada su ne gaba, sai gadagi da aka yanka kafin ya zubar da ganye, sai burgun bakin kogi. Amfanin harawa kuwa a ganye yake. In ka je saye, a kasuwar dabbobi ta Turaku ne ko wurin masu amalanke a bakin hanya, kada ka tsaya kan girman dami. Sa hannu har tsakiya ka jawo. Mai kyau za ka gan ta da sauran kore, ganye na manne da jijiya, tana ƙanshi. Wadda ta yi fari fat, ganyen ya kakkaɓe sai tsirarar igiya, kuɗinka ne ka zubar. In kuwa tsakiyar ta yi baƙi, ko ƙura mai warin rima ta tashi, bar ta ko kyauta ce: ruwa ya taɓa ta, kuma ruɓaɓɓiyar harawa tana sa doki tari da ciwon ciki. Da kaka ake sayen ta shekara, lokacin tana da araha, a ajiye ta a inuwa bisa rumfa, ba a ƙasa ba. Wanda ya jira bazara zai saya da tsada, kuma ragowa zai samu.

Sai dusa. Mutane na son ta don tana da arha kuma doki na cin ta da marmari, har wasu su mai da ita abincin yau da gobe. Dusa tana da sinadarin fosforas da yawa, amma kalsiyam ɗinta, sinadarin da ke gina ƙashi, kaɗan ne. In aka daɗe a haka jiki ya riƙa zaro kalsiyam daga ƙashi, ƙasusuwan fuska su kumbura, doki ya fara ɗingishin da ba a san dalilinsa ba. Duƙushi mai tasowa da goɗiya mai shayarwa sun fi shiga haɗari. Gyaran ba wuya: a rage dusar, a haɗa ta da harawar wake ko ta gyada, don su suna da kalsiyam. Kowar wake ma tana shiga, a ɗan yayyafa mata ruwa saboda ƙura. A Turai ana cike wannan gurbin da tuƙar gwozar sukari da ɓawon waken suya. Mu nan harawa mai ganye ta ishe mu.

Gero kuma, ba a ce a daina ba, dokin sukuwa na bukatarsa. Laifin a juye masa tiya guda a zama ɗaya, musamman in salla ta matso ana son ya yi sheƙi. Abin da ƙaramin hanji ya kasa narkarwa sai ya gangara babban hanji ya yi tsami, ya kashe halittun nan masu aiki. Daga nan ciwon ciki, ko kofato ya ɗau zafi doki ya kasa taka ƙafafun gaba. Kada ya wuce rabin tiya a ci ɗaya, a raba sau biyu ko uku a yini, kuma a fara ba shi harawa tukuna.

Canjin abinci ma da sannu ake yi. Ruwan farko ya sauka, sabuwar ciyawa ta fito, sai a saki doki a kai bayan ya yi watanni yana cin busasshe; zawo ne zai biyo. A riƙa haɗawa kaɗan-kaɗan har kwana 10 zuwa 14. Ɗanyar dawa ƙarama, ko tohon da ya sake fitowa bayan an yanke, kada a ba shi sam, tana da guba.

Wani abin da ake rainawa shi ne zuba harawa a ƙasa gindin turke. Ƙasarmu rairayi ce, doki na tsintar ganye yana haɗiye yashi, ya taru a hanji har ya toshe. Rabin tano ko komi ya wadatar. Don ka gane ko ya riga ya sha, ɗebi kashinsa ka dama da ruwa a bokiti, ka bari ya kwanta: yashin zai taru a gindi, ka ji shi da yatsa.

Busasshen abinci ba ya tafiya sai da ruwa. Doki na shan lita 25 zuwa 50 a yini, a zafin Afrilu da Mayu ya fi haka, don haka shayarwa sau ɗaya da safe ba ta isa ba. A ajiye masa gishiri kusa. In kuma harawar mai kyau ce amma kana ganin dunƙulen da ya tauna ya tofar, ko tsaba na fita a kashi ba ta fashe ba, kira likitan dabbobi ya duba masa turame, mai yiwuwa sun yi kaifi suna bukatar a goge.