Kafin ka zuba kuɗi a firosesan sabar databes, tsaya ka auna

Kullum tambayar ɗaya ce: malam kor nawa zan saka a sabar databes ɗina? Kor dai su ne ƙananan injinan lissafi da ke cikin firosesa guda. Ni kuma amsata bata canzawa, ban sani ba sai na ga irin aikin da injin ke yi. Mai sayar da kaya dai zai nuna maka mai kor 64 ko 96 yace ga ƙarshen magana, to ai shi ciniki yake nema.

Fara da gane wane irin kaya ake ɗora wa databes ɗin. Akwai aikin ƙananan tambayoyi, wato buƙatun da manhaja ke aika wa databes, masu shigowa kamar ruwan sama, irin na manhajar biyan kuɗi ko rajistar ɗalibai, kowace tambaya ta taɓa layi biyu uku ta fita, shi ake kira OLTP. Akwai kuma aikin rahoto, inda tambaya guda zata kwashe layi miliyan goma ta tattara lissafin shekara. Na farkon saurin kor ɗaya ɗaya yafi damunsa, na biyun ne yake cin moriyar yawan kor, shima sai in manhajar ta iya raba aikin. A manhajojin databes, MySQL yawanci tambaya ɗaya kor ɗaya take hawa, ko kana da kor ɗari sauran suna zaune suna kallonta. PostgreSQL ya fara raba tambaya tun sigar 9.6 a 2016, amma a saitinsa na asali mataimaka 2 kawai yake ƙara mata, sai ka ɗaga saitin max_parallel_workers_per_gather da hannunka.

Kaga misali a gida ɗaya: AMD EPYC 9654 kor 96 ne amma gudunsa na tushe 2.4 GHz, shi kuma 9174F kor 16 kacal amma 4.1 GHz. A aikin ƙananan tambayoyi wanda mutanen da ke kai lokaci guda basu kai su cika kor 96 ba, ƙaramin zai iya barin babban a baya, har mutane su rantse ƙaramin ne yafi tsada.

Sai awo. Kar ka duba matsakaicin wata, zai yaudare ka, lokacin cunkoso zaka kama: ƙarshen wata da ake biyan albashi, ko ranar da aka saki sakamako. Buɗe vmstat ko top, manhajojin awon aikin inji a Linux, ka zuba ido kan alƙaluman da suke nunawa masu suna us, wa da st. In us ne yake sama, to da gaske firosesa ke aiki. In alƙalumin wa ne yake sama, firosesan jiran faifai yake, ƙara kor anan asara ce, ram ko faifai mai sauri irin NVMe ake buƙata. In st ne a inji na haya, maƙwabcinka ne ke cinye maka rabo. Ka kuma kalli r a vmstat, wato yawan ayyukan da ke kan kor ko suke jiransa, in kullum ya ninka yawan kor ɗinka to akwai layi a bakin ƙofa.

Bari in baku wani abu da ya faru dani. An kira ni wata makaranta, ranar duba sakamako sabar ta tsaya cak, CPU 100 cikin 100, har an rubuta takardar neman kuɗin sabuwa. Na kunna pg_stat_statements, kayan PostgreSQL mai nuna lokacin da kowace tambaya ke ci, sai ga tambaya guda ɗaya tilo ta cinye kusan duk lokacin, tana neman ɗalibi da lambar rajista kuma babu indes, wato jerin da ke saukaka nema, a wannan ginshiƙin, wato duk ɗalibin da ya danna sai injin ya karanta teburin tun daga farko har ƙarshe. Layi ɗaya na rubuta, CREATE INDEX, kafin shayin da aka kawo min ya huce fankokin sabar sun yi shiru. Wlh mai kula da ɗakin har leƙawa yayi baya ya duba ko wuta ce ta ɗauke. Don haka gyara manyan tambayoyi biyar ɗin farko tukuna, sannan ka auna, in ba haka ba ɓarna kake aunawa.

Yanzu lissafi. Ace kana da kor 8, a cunkoso suna kai 70 cikin 100, kenan aikin kor 5.6 ne. Kana sa ran masu amfani su ninka cikin shekara uku, ya zama 11.2. Ni bana son saba ta wuce 60 cikin 100 a cunkoso, saboda daga nan jira yake fara tsawo da sauri, to raba 11.2 da 0.6, ka samu kusan 19. In sabon firosesan yafi tsohon sauri sosai a kor ɗaya, 16 zai ɗauka, in irinsu ɗaya ne tafi 24. A kilawud kuma a kula, a yawancin injinan Intel da AMD na AWS, vCPU ɗaya, wato kor ɗin haya da suke ƙirga maka, rabin kor ne, vCPU 16 kor 8 kenan, a Graviton, firosesan da AWS ta ƙera da kanta, vCPU cikakken kor ne. Kuma dan Allah kar a ɗora databes mai aiki ba dare ba rana akan injinan AWS irin su t3, kiredit ɗin gudunsu na ƙarewa, ko gudu ya faɗi ko bil ya hau.

Inda kuɗi ke zuba da gaske kuwa lasisi ne, kuma nan ne naga manya sun yi kuka. SQL Server, databes ɗin Microsoft, yawanci da kor ake biya, ana sayarwa bibbiyu, mafi ƙaranci kor 4 a kowane firosesa. Farashin da Microsoft ta sa wa Enterprise na 2022 dala 15,123 ne duk kor biyu. Kor 32 kenan dala 241,968, kor 16 kuma 120,984, juya wannan bambancin zuwa naira ka gani ko bai sayi sabar sukutum har da canji ba. Standard na 2022 yafi sauƙi, dala 3,945 duk kor biyu, amma baya amfani da abin da ya wuce kor 24 ko soket 4 (soket shi ne mazaunin firosesa ɗaya), ram ɗin da yake ajiye shafuka a ciki kuma 128 GB ne iyaka, to sayen kor 48 dominsa ado ne kawai. Oracle Enterprise dala 47,500 ne duk lasisi ɗaya, a Intel da AMD lasisi ɗaya na rufe kor biyu. Shi yasa a waɗannan biyun ƙa'idata kor kaɗan masu gudu. Mai PostgreSQL ko MySQL na kyauta shi hankalinsa kwance, ya sayi kor yadda aljihu ya bari.

Soket ɗaya ko biyu? In aikin zai shiga ɗaya, tsaya a ɗaya. Da biyu kowane firosesa da nasa ram, in ya miƙa hannu na ɗan uwansa sai ya ɗan jira, abin da ake kira NUMA kenan. Ka kuma cika layukan ram daidai, EPYC 9004 layi 12 gare shi, in ka sa sandar ram huɗu kawai ka toshe masa maƙogwaro.

Abu biyu na kyauta kafin in tashi. Shiga BIOS da saitin wuta na Windows ka mayar High Performance, da yawa suna zuwa a Balanced suna rage gudu ba wanda ya sani. Sannan kar ka bar haɗi 500 su afka wa kor 16 kai tsaye, a PostgreSQL kowane haɗi furoses ne mai zaman kansa, sa PgBouncer a gaba, manhaja ce mai taƙaita haɗin da ke isa databes, fara da haɗi kamar ninki biyu na kor ɗinka, kana ƙarawa kaɗan kaɗan kana kallon vmstat.