Yadda za ka sa batirin sola ya daɗe maka

Kayan sola ba tare suke tsufa ba. Fanel mai kyau yana kai shekara 25 har ya wuce, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa kaɗan kaɗan duk shekara, inbata kuma, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, tana iya yin shekara 10 in ba a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba. Batir ne ke cin kuɗi, mai ruwa shekara 3 zuwa 5 ne, litiyom yana kai 10, kuma wallahi yawanci mu muke kashe shi da hannunmu.

Abu na farko zafi. Batirana na farko a sito na ajiye su, ɗaki mai rufin kwano ba sili ba taga, a watan Afrilu in ka ɗora hannu a jikinsu kamar tukunyar da aka sauke yanzu, ko shekara 2 ba su yi ba suka daina riƙe wuta, har yau abin yana min ciwo. Batir mai ruwa digiri 25 yake so, duk ƙarin digiri 10 kusan rabin rayuwarsa ne ya tafi, to ka ga garin da bazara ke haura 40. Ka nema masa inuwa inda iska ke ratsawa.

Sannan kar ka bari ya tsotse. In mai ruwa ne ya sauko rabi ka tsaya, na bolt 12 in ka kashe kaya ya huta ka ga wajen 12.1 to ya isa haka, ba sai inbata ta fara kuka ba. Guga da famfon ruwa a bari sai da rana tsaka lokacin da fanel ke bada wuta, firiza ma ta yi ƙanƙararta da rana.

Duk wata ka buɗe murafun batir mai ruwa ka leƙa, in ruwan ya ja ka ƙara ruwan batir, wato tataccen ruwan nan da ake kira distilled water, don Allah banda na famfo ko fiya wata, kuma kar ka ƙara asid. Kar ka haɗa tsohon batir da sabo, tsohon zai janyo sabon ƙasa.

Da hunturu ƙura ke lulluɓe fanel batir ya kwana bai cika ba, wannan ma kisa ne a hankali. Ka wanke fanel ɗin duk sati da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.