Ɗalibi sabon zuwa Jamus, ga wata ƙofa da ba a cika nuna mana ba

Duk shekara idan Oktoba ya kama, jami'o'in Jamus suka buɗe zangon hunturu, wayata ba ta hutawa. Ƙanne ne sababbin sauka, wani daga Kano, wata daga Damagaram, tambayoyin kuwa kusan iri ɗaya: Yaya, ina ake samun aiki? Ina ake sayar da naman halal? Da gaske ne sai an yi rajistar adireshi cikin sati biyu? Da gaske ne, ka hanzarta. Sauran kuwa za a gaya maka a ƙofar masallaci ranar Juma'arka ta farko. Abin da ba mai gaya maka shi ne ayyukan kula da muhalli da ɗalibai ke riƙewa a cikin makaranta. Mutanenmu kan wuce su ko kallo babu, suna ganin harkar Turawa ce da cikinsu ya cika. Ni kuwa ta nan na sami abokai, bakina ya buɗe da Jamusanci, daga baya har albashi ya shigo.

Shara ce ta kai ni. A satina na biyu a hostal na ƙulle komai cikin leda guda, ɓawon albasa, gwangwanin tumatir, kwalbar mai, na jefa a garwar da ta fi kusa da ƙofa. Washegari wata ɗaliba ta ƙwanƙwasa ɗakina riƙe da takarda mai hotuna. Na zaci faɗa ta zo yi. Ashe aikinta ke nan, hukumar da ke kula da gidajen kwanan ɗalibai ce ta naɗa ta, ana ba ta ɗan alawus don ta riƙa nuna wa baƙi yadda ake zama a gidan. Irinsu ana ce musu Tutor, kuma ɗalibai ne kamarka.

Ga abin da ta koya mini, don kada a ƙwanƙwasa taka ƙofar. Garwa ko buhu mai ruwan ɗorawa na mazubin kaya ne: roba, leda, gwangwani, har da kwalin madara da na lemo, wanda kowane baƙo ke kuskuren haɗawa da takarda. Shuɗiya ta takarda da kwali ce. Mai ruwan ƙasa ta ɓawo da ragowar abinci, da su ake yin taki da iskar gas. Baƙa ta abin da ya rage. Launin kan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, saboda haka ka karanta rubutun jikin garwar. Kwalba tana da manyan tankuna a bakin titi, fara daban, koriya daban, mai ruwan ƙasa daban, shuɗiya kuma ta bi koriya. Kada ka je zuba kwalabe ranar Lahadi ko da dare, ƙarar za ta fito maka da tsohuwar unguwa ta taga. Batiri kuma a babban kanti ake ajiye shi.

Sai maganar Pfand, wadda ba baƙuwarmu ba ce. Ka tuna mai shagon unguwa da ke riƙe kuɗin kwalba sai ka dawo da ita? Shi ne, sai dai nan inji ke karɓa. Tun 2003 doka ta ɗora shi a kan gwangwani da robar sha-ka-yar, yau senti 25 ne kowace ɗaya, kwalaben da ake sake cikawa kuwa senti 8 ko 15. Kada ka matse robar, kada ka ɓare takardar jikinta, injin ba zai gane ta ba. In kana kan hanya ba ka son ɗaukar kaya, ajiye ta a gefen kwandon shara, ba a ciki ba. Akwai tsofaffi da marasa galihu da ke bi suna tsinta, su ne 'yan bola jarin ƙasar, ka hutar da su tonon shara.

Kalmar da za ka riƙa cin karo da ita a allunan sanarwa ita ce Nachhaltigkeit. Asalinta daga masu daji ne. A 1713 wani jami'in ma'adinai a Freiberg, Hans Carl von Carlowitz, ya ga ramukan haƙar azurfa sun cinye itatuwan yankin, ya rubuta cewa kada a sare fiye da abin da daji zai iya mayarwa. Mu tattali muke cewa. Duk inda ka ga kalmar a kan takardar neman mutane, tsaya ka karanta.

In shawarata za ka bi, fara da rumfar gyaran keke. A jami'o'i da yawa ƙungiyar ɗalibai, wadda ake kira AStA, wasu wuraren kuma StuRa, tana da ɗaki cike da sifana da famfo da tsofaffin tayoyi. Ba a gyara maka, nuna maka ake yi ka gyara da hannunka, masu nunawar kuma ɗalibai ne. Duk wanda ya tashi yana zuwa makaranta a keke, ya sha zama wurin mai faci, ya san yadda ake tsoma roba a ruwa a nemo huji, ya iya mayar da kaca in ta zame, to ya riga rabin 'yan rumfar sani. Na ga ɗalibin digiri na uku a fannin injiniya ya tsaya yana kallon birki kamar ya ga aljani. Amfanin wurin ga baƙo shi ne ba ya buƙatar dogon Jamusanci. Hannu na aiki, kalmomi na shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ke gyara maka nahawu. Ke ma ƙanwata kada ki ce na maza ne, wasu rumfunan har rana suke warewa ta mata. Abu ɗaya: keken da ka gani a jingine ya yi tsatsa, ba mai shi a kusa, kada ka taɓa. Ofishin kayan tsintuwa na gari kan yi gwanjon irinsu, a can ake saya da rasit.

Na biyu, ceton abinci. Ƙungiyar foodsharing ta fara a Jamus a 2012. 'Yan sa kai ke zuwa gidajen burodi da kantuna su kwaso abin da ya kwana amma lafiyarsa ƙalau, su kai wata kanta ko firji da ake kira Fairteiler, kowa ya ɗiba kyauta. Galibi akwai ɗaya a harabar makaranta ko kusa da ita. Ɗiba ba ya buƙatar rajista. In kana son zama mai kwasowa, sai ka ci wata 'yar jarrabawa a intanet, ka bi tsofaffin hannu sau uku, sannan a ba ka kati. Akwai kuma masu goge firjin, aikin da kullum ake neman mutum a kansa. Na san abin da ke ranka: ni da na zo karatu zan ci ragowa? Ni ma na yi wannan kunyar, har ranar da na ga wani farfesa ya sa burodi biyu a jaka ya hau kekensa. Gidajenmu ba a zubar da tuwo, ɗumame ake yi da safe, wannan ɗin ma ɗumame ne na gari guda. Ka dai karanta jikin kaya saboda naman alade da gelatin da giya. Ka kuma bambance rubutu biyu: "mindestens haltbar bis" na nufin kayan kan kai bayan ranar, "zu verbrauchen bis" kuwa in ranar ta wuce a zubar.

Nan akwai rami, ka kula. Za ka haɗu da ɗalibai masu shiga bayan kantuna da dare suna kwasar abinci daga garwar shara, suna kiran abin Containern. A dokar ƙasar sata ce, kuma a 2020 kotun tsarin mulki ta ƙi soke hukuncin da aka yanke wa wasu ɗalibai mata biyu a jihar Bavariya kan haka. Ɗan ƙasa in an kama shi ya biya tara ya koma gida. Kai biza gare ka, kada ka bi su.

Akwai kuma lambun ɗalibai, masu kiwon zuma, ranar musayar tufafi, da zaman gyaran kayan lantarki da ake kira Repair Café, wanda aka fara a Amsterdam a 2009. Leƙa musayar tufafin kafin ka kashe kuɗi a kan rigar sanyi.

Inda kuɗi yake kuwa shi ne Green Office. Ɗalibai ne suka kafa na farko a Jami'ar Maastricht ta Holan a 2010, daga nan ya bazu a Turai, jami'o'in Jamus da dama suna da shi. Ofis ne da makaranta ke ba kasafi, ɗalibai ke tafiyar da shi tare da ma'aikaci ɗaya ko biyu. Wani na tattara alƙaluman wuta da ruwa da takarda don rahoton shekara, wani na zama da masu ɗakin cin abinci kan kofunan da ake dawo da su, wata na riƙe da Instagram. Galibi da kwantiragin mataimakin ɗalibi ake ɗauka, abin da kowa ke kira HiWi. Ga dalilin da ya sa wannan ya shafe ka: tun Maris na 2024 ɗalibin da ba ɗan Tarayyar Turai ba yana da izinin aikin cikakkun kwanaki 140 ko rabin kwanaki 280 a shekara, amma aikin HiWi a jami'a ba ya shiga wannan lissafin. Duk da haka ka sanar da ofishin shige da fice, kada kuma jimillar ayyukanka ta wuce awa 20 a sati lokacin darasi, saboda inshora. Mafi ƙarancin albashi yuro 12.82 ne a awa a 2025, ya koma 13.90 daga Janairun 2026. Guraben kaɗan ne, kuma wanda aka saba ganin fuskarsa a rumfar keke ko gaban firji shi ake fara tunawa.

Tun ranar farko ka tambaya ƙarara: wannan da albashi ne, da alawus ne, ko Ehrenamt ne, wato sa kai? A wurinmu tambayar kuɗi da wuri rashin kunya ce. Su ba sa ganin haka, shirunka ma ɗauka za su yi ka gane.

Taronsu fa sai haƙuri. Za a kwashe awa biyu ana muhawara kan kalar fosta, kowa sai ya yi magana. Wani zai tambaye ka me ya sa kake cin nama, ko sau nawa kake hawa jirgi zuwa gida. Kada ranka ya ɓaci, junansu ma haka suke yi wa. Kuma kana da abin faɗa da ba su da shi. Su a allo suka ga janyewar Tafkin Chadi, ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, a labarai suka ji ta. Kai watakila kawunka ne ya kwana a kan rufi. Faɗi abin da ka sani. Amma in ka lura ba a nemanka sai ranar ɗaukar hoto, nemi a ba ka aiki takamaimai mai sunanka a kai, in an ƙi ka koma wata ƙungiyar.

Kowane aiki ka yi, ko na goge firji ne, kafin ka bari ka nemi Bescheinigung, takardar shaida mai hatimi da kwanan wata. Tallafin Deutschlandstipendium, yuro 300 a wata, ba ya tambayar ƙasarka, kuma bayan maki yana duba hidimar da ka yi wa jama'a. Gidauniyar Heinrich Böll, mai ba ɗalibai tallafin karatu, ita ma tana duba irin wannan hidimar. Na san waɗanda suka yi shekara biyu suna hidima, ranar cike fom babu ko takarda ɗaya a hannunsu, shugabar ƙungiyar kuma ta gama ta bar gari.

A satin farko na zango ƙungiyoyin nan kan kafa tebura a babban zaure, wasu makarantun na kiran ranar Markt der Möglichkeiten. Je ka zaga, ka rubuta imel ɗinka a takarda biyu ko uku. In kana komawa hostal ka duba ƙarƙashin matakala ko kusa da injin wanki, inda masu tashi ke barin kwali an rubuta "zu verschenken", wato kyauta. Tukunyar da na dafa shinkafa da wake a cikinta har na gama digiri, a nan na ɗauke ta.