Yadda ake ƙwato gurbi a kaset-kaset ɗin ajiya da ke ma'ajiyar waje

Idan kana kula da sabar IBM Storage Protect, mai ɗaukar ajiyar bayanan kamfani a kan kaset, wadda tsofaffin hannu har yau ke kira TSM duk da an sauya mata suna zuwa Spectrum Protect a 2015 sannan aka sake sauyawa a 2023, ka san kukan da ake yi duk ƙarshen wata: kaset sun ƙare a laburare, wato injin da ke riƙe kaset yana ɗora su a na'urar karatu, ga ma'ajiyar waje cike da kaset da rabin abin da ke cikinsu ya riga ya mutu. Sai a rubuta wa oga takardar sayen sababbi, da kuɗin da dala ke yanke wa farashi. Sau da yawa ba saye ake bukata ba. Gurbin yana nan a Zariya ko a tsallaken kogin Kaduna, ƙwato shi ne ba a iya ba.

Ba zan tsaya bayanin BACKUP STGPOOL ba, umarnin da ke kwafe bayanan kaset ɗin gida zuwa kaset ɗin da ake kaiwa waje. Wanda bai san shi ba, bai kai ga wannan aikin ba tukuna.

Abu na farko da sababbin ma'aikata ke kasa kamawa shi ne, saba ba ta taɓa kaset ɗin da ke waje. Ba ta iya ɗora shi a na'urar karatu, tunda ba ya cikin ginin. Abin da take yi shi ne ta duba rumbun bayananta, ta ga fayilolin da suka rage da rai a kansa, ta nemo asalinsu a kaset ɗin gida, ta rubuta su a kan sabon kaset. Sai ta ɗauki tsohon a matsayin wanda ba komai a cikinsa. Saboda haka kar ka tura mota ta ɗauko kaset wai za a yi masa aiki. Na ga an yi, aka bar bayanan kamfani duka ƙarƙashin rufi ɗaya kwana da kwanaki.

Fara da EXPIRE INVENTORY, umarnin da ke cire fayilolin da wa'adinsu ya cika daga rumbun bayanai, ka bari ya gama. In bai gudana ba, saba ba ta san fayilolin da wa'adinsu ya cika ba, duk lissafin da za ta ba ka ba daidai ba ne. Sannan ka duba QUERY VOLUME da access=offsite da f=d, ka ga kashi nawa cikin ɗari na kowane kaset za a iya ƙwatowa.

Sai maganar ma'auni. Rukunin kwafi, wato kaset ɗin da ake kaiwa waje, yana zuwa da RECLAIM, ma'aunin fara ƙwato gurbi, a kan 100, ma'ana a kashe yake. Wasu kan sauke shi su tafi gida, sai aikin ya tashi da kansa da tsakar dare, ya kame na'urorin karatu a daidai lokacin da ake ɗaukar ajiyar dare. Ni ba na yarda da haka. Bar shi a 100, ka kira aikin da hannunka ko da jadawali, da rana, kamar haka: reclaim stgpool COPYPOOL threshold=60 duration=240 offsitereclaimlimit=5. Sittin na nufin kaset ɗin da abin da ya rage mai amfani a cikinsa bai wuce kashi 40 ba. Kada ka sauka ƙasa da 50, domin a ƙasa da haka kaset biyu ba za su shige cikin ɗaya ba, wahalar banza ce. Lambar 240 mintuna ne. Iyakar kaset biyar ɗin kuwa ita ce mai ceto, domin saba na tattara fayilolin duk kaset ɗin da suka cancanta ta yi aikinsu tare, ta bi kaset ɗin gida ɗaya bayan ɗaya. Ka sake mata tamanin, sai lokaci ya ƙare ko wuta ta ɗauke kafin janareta ya karɓa, ka tarar ba ko ɗaya da ya zama fanko. Biyar da suka gama sun fi tamanin da aka faro. Kowane aiki ɗaya yana cin na'urar karatu biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na rubutawa, don haka mai na'ura huɗu ya daina mafarkin gudanar da uku a tare.

Akwai wani tarko kuma. Ga kaset ɗin waje, saba na lissafa har da gurbin da ba a taɓa rubutu a kai ba. Kaset nau'in LTO-8 na ɗaukar terabait 12 ba tare da matsi ba. Ka zuba masa terabait ɗaya ka tura waje, washegari ya cancanci a ƙwato shi. Kamar motar Kano ce ta tashi daga tashar Kawo da fasinja biyu. Maganinsa, ka yi ƙwaton gurbi kafin BACKUP STGPOOL na ranar, don ajiyar ranar ta ƙarasa cika kaset ɗin da aka faro.

Yanzu ga inda ake asara ta gaske. Aiki ya gama, sabon kaset yana cikin laburarenka a Kaduna, tsohon yana waje, saba ta ce ba komai a cikinsa. Amma ajiyar rumbun bayanai da ke ma'ajiyar waje ta jiya ce, ita kuma a saninta fayilolin na kan tsohon kaset. Gobara ta tashi a daren nan, Allah ya kiyaye, sabon kaset ya ƙone, tsohon ne kaɗai zai fitar da kai. In ka riga ka dawo da shi an rubuta wani abu a kai, shi ke nan. Wannan ne aikin REUSEDELAY: yana riƙe kaset a matsayin jira na wasu kwanaki kafin a sake shi. Yana zuwa a kan sifili, kuma mutane na barin sa haka saboda ƙishin kaset. Sa shi ya kai yawan kwanakin da kake riƙe ajiyar rumbun bayanai, wato abin da ka sa a SET DRMDBBACKUPEXPIREDAYS. In kwana bakwai ne can, nan ma bakwai. Eh, zai riƙe maka kaset na mako guda, oga zai yi ƙorafi. Gaya masa, ranka ya daɗe, kuɗin kaset goma bai kai kuɗin bayanan albashi na shekara ba.

Kuma jerin ba ya sauyawa: ƙwaton gurbi, BACKUP STGPOOL, BACKUP DB (ajiyar rumbun bayanai), MOVE DRMEDIA (sanar da saba inda kaset ya koma), PREPARE (fitar da tsarin farfaɗowa bayan bala'i). Sababbin kaset su fita, su isa ma'ajiyar waje, a sa hannu, kafin a ɗauko tsofaffi.

Wani lokaci kaset zai ƙi zama fanko, ka ga saƙon ANR1163W yana cewa akwai fayilolin da ba a iya kwashewa ba. Yawanci asalin fayil ɗin a gida ne ya lalace, ko kaset ɗinsa an sa shi unavailable ko ba ya cikin laburare. Ƙurar hunturu na da hannu a irin wannan in ɗakin saba ba a rufe yake da kyau ba. A nan ne matasa ke garajen DELETE VOLUME da discarddata=yes don lissafi ya yi kyau. Kada ka kuskura. Ƙila wannan kaset na waje shi ne kwafi mai lafiya guda ɗaya da ya rage a duniya. Nemo kaset ɗin gida da ke da matsala da QUERY CONTENT damaged=yes, a dawo da na wajen, a yi RESTORE VOLUME don dawo da fayilolin gida daga kwafin, a mayar da na wajen, sannan a sake gwadawa.

Sauran mai sauƙi ne. QUERY DRMEDIA wherestate=vaultretrieve zai ba ka jerin waɗanda za a ɗauko. Buga shi a takarda ka ba mai ɗauko kaya, a duba lamba da lamba, kada a ɗauko wanda ba ya cikin jerin. A sa su a akwatinsu, ba a bayan mota cikin rana ba, kuma a bar su su huce a ɗakin saba kafin a saka su. Sai MOVE DRMEDIA zuwa onsiteretrieve, sai CHECKIN LIBVOLUME da status=scratch, don su koma laburare a matsayin fanko.