Yadda ake auna enzaim a marainan ɓera don gane inda maniyyi ya samu matsala

Wannan na ƴan uwa ɗalibai ne masu furojet a Samaru, ƴan fisiyoloji da bayokemistiri da likitan dabbobi, waɗanda sufabaiza ya ce su ɗura wa ɓeraye wani ganye ko magani su duba ko ya taɓa haihuwar namiji. Ƙirga maniyyi zai gaya maka akwai matsala amma ba zai ce ga inda take ba, enzaim, wato furotin ɗin da ke gudanar da ayyukan sinadarai a cikin ƙwayoyin jiki, shi ne ke nuna wurin.

Tun kafin ka sayo ɓerayen ka zauna ka lissafa kwanaki. A ƙaramin farin ɓera, ba babban ɓera irin Wistar ba, ƙwayar maniyyi na cin kusan kwana 35 kafin ta haɗu a maraina, sannan ta ƙara wajen mako guda tana bin efididimis, siririn bututun nan da ya nannaɗe a jikin maraina, a can take nuna har ta iya motsi. To in ka ba da magani na sati biyu kacal ka yanka, abin da ka tarar a wutsiyar bututun ya riga ya yi nisa kafin maganinka ya shiga jiki, sai ka rubuta ganyen bai yi komai ba alhali gaggawa ce kawai. Ka karɓi izinin kwamitin kula da dabbobin bincike tukuna, kuma ka yi hattara da zafin Zariya na Maris da Afrilu, shi kaɗai ya isa ya lalata maniyyi, saboda haka ƴan kwanturol da masu shan magani ɗaki ɗaya za su zauna.

Ranar yanka ka tanadi ƙanƙara da wuri. Ka cire maraina daban, ka share kitsen da ke jikin efididimis ka raba shi uku, kai da tsakiya da wutsiya, kowanne da kwalbarsa da nauyinsa a rubuce. Don Allah kar ka haɗa su ka niƙa gaba ɗaya, in ka yi haka ka zubar da amsar da kake nema. Ka niƙa a ruwan fosfet mai sanyi pH 7.4, kar ka cika ruwan don kan bututun ɗan mitsitsi ne, ka juya a santirifuj a 4°C ka ɗebi ruwan sama ka zuba a ƙananan tub da yawa, saboda in aka ɗauke wuta ko kana ta narkarwa kana mayarwa firiza enzaim ɗin mutuwa yake.

Babba a cikin enzaim ɗin da za ka auna shi ne LDH-C4 (nau'in lactate dehydrogenase na maraina), wasu na ce masa LDH-X, an gano shi a 1963, ƙwayoyin da ke zama maniyyi ne ke yin sa kuma yana cikin masu samar wa maniyyi ƙarfin motsi. Ana auna shi ta bin canjin NADH, sinadarin da yake aiki da shi, a na'urar auna haske a 340 nm. Amma fa kit ɗin LDH na asibiti duk dangin LDH yake aunawa, ba za ka kira sakamakonsa C4 ba sai ka raba su da elektiroforesis. Enzaim SDH (sorbitol dehydrogenase) ma yana hawa ne yayin da ƙwayoyin ke girma. Enzaim GGT kuwa a maraina na ƙwayoyin Sertoli ne, masu renon ƙwayoyin maniyyi, kuma yana da yawa a kan efididimis, ana karanta shi a 405 nm. Nan mutane ke ruɗewa, in ƙwayoyin maniyyi suka mutu Sertoli kuma suka saura sai ka ga LDH-C4 ya faɗi GGT ya tashi, wannan tashin ba alamar lafiya ba ce.

In 3β-HSD da 17β-HSD, enzaim ɗin da ke haɗa testosteron, suka sauka to ka duba ƙwayoyin Leydig masu yin testosteron a maraina, ka auna testosteron tare da nauyin seminal besikul, jakar da ke samar da ruwan maniyyi.

Kowane sakamako ka raba shi da yawan furotin ɗin samfur, ta hanyar Lowry ko Bradford, in ba haka ba marainan da ya shanye da lafiyayye ba za su gwadu ba. Kuma daga kowane ɓera ka jefa maraina ɗaya a ruwan Bouin mai adana nama don histoloji, wato duba naman a madubin likita, ɗayan ka niƙa.